Ƙwallayen Dabino a Sirdin Kyaftin

Clarrie Dunstan baduku ne, sirdi yake ɗinkawa a garinsu Gundagai kafin yaƙi ya kwaso shi zuwa hamadar Falasɗinu. Bindigar da aka ba shi ta fi zama a rataye, basilla da zare su ne aikinsa. A cikin dawakin rundunarsu akwai Biddy, goɗiyar da ya raina da hannunsa kafin soja su saye ta.

Kyaftin Ashcroft ke hawanta, ƙaton mutum mai zama a sirdi kamar buhun dankali. Ba a daɗe ba miki ya fito mata a baya. Kowa ya san dokar: in miki ya ruɓe, harsashi ne maganin dokin. Hankalin Clarrie ya tashi ƙwarai.

"Yallaɓai, kwana goma kacal take bukata ba sirdi."

"Na tambaye ka?" in ji kyaftin. "Ƙara mata ulu a ƙarƙashin sirdin, ka rufe mini baki."

Clarrie ya ƙara ulun kuwa, ba musu. Sannan ya farke saman sirdin, daidai inda mazaunan kyaftin ke sauka, ya jera ƙwallayen dabino bakwai a ƙarƙashin fata, ya ɗinke tsaf, har da shafa mai.

Ranar farko kyaftin ya yi ta mutsu-mutsu. Ta biyu a tsaye kan likkafa ya yi sintiri, sojoji na cizon leɓe don danne dariya. Ta uku sai ga shi a tattale kamar agwagwa, ya nufi tantin likita. Aka rubuta masa kwana goma a kife.

Kullum Clarrie na wanke wa Biddy baya da ruwan gishiri, miki ya fara ƙamewa. Amma kwanciya ta ba kyaftin lokacin tunani. Rana ta bakwai ya sa aka kawo sirdin, ya lalube shi da yatsa, ya sa wuƙa. Da aka kira Clarrie, ƙwallayen na jere a faranti.

"Dunstan, a garinku dabino a sirdi yake tsirowa?"

"Ƙasar nan ce akwai albarka, Yallaɓai."

Kyaftin ya ture farantin gefe. "Gobe za mu tashi, mil goma sha biyar, ni a amalanken likita. A ka za ka ɗauki sirdin nan, kuma a ƙasa."

Clarrie ya yi saurin tambaya: "Biddy fa?"

"Wa zai hau ta ba sirdi, sakarai? Ja ta za ka yi."

Washegari rana ta buɗe. Clarrie na tafe cikin rairayi da sirdi a ka, ƙafafu duk sun yi bororo, abokai na wucewa a kan dawaki suna yi masa tsiya: "Clarrie, a ɗaura maka linzami ne?" Ko a jikinsa. Biddy na biye da shi, bayanta fayau, tana zungurar aljihunsa da hanci. Ya zaro dabino ɗaya, ya ba ta naman, ya mayar da ƙwallon aljihu.