Masu Taka Albasa na Bamberg

Kilian Rottmann yana jera kabeji a rumfarsa ta kasuwar Bamberg sai ga wata budurwa mai yi wa baƙi jagora ta tsaya a gefensa, mutum wajen ashirin na biye da ita. Babbar majami'a za su hau gani.

"Ana yi wa mutanen garin nan laƙabi da masu taka albasa," in ji ta. "Amma zancen da ne, yanzu sai a littafi."

Kilian ya ajiye kabejin. Shekararsa saba'in da uku, kuma a lambun bayan gidansu kakan kakansa ya tsufa.

"'Yata, wane littafin? Yau ma da yamma zan taka tawa."

Matarsa Kuni ta ɗago daga awon dankali. "Kai dai tsoho, sayar da kayanka. Da gwiwar da ka kwana uku kana kuka da ita za ka taka?"

Baƙin suka kwashe da dariya. Wata dattijuwa daga Hamburg ta tambaye shi me ya sa mutum zai taka abincinsa.

"Ganyen ake takawa, baiwar Allah. In ya miƙe shi ke shanye ƙarfin. Ki kwantar da shi, sai ƙarfin ya koma ƙasa, albasa ta yi kai."

Jagorar, Annegret, ta ji kunya ta ba shi haƙuri. Watanta biyu kacal a garin. Ya kwatanta mata gidan, ya ce duk mai so ya zo ƙarfe huɗu.

Tun ƙarfe uku ya fito da allunan katakon da ake ɗaurawa a ƙafa, ya goge su, har da na marigayi mahaifinsa. Kuni tana cewa ba wanda zai zo, amma ta cusa nama a cikin manyan albasa ta sa a murhu.

Mutum sha ɗaya suka zo. Da ya buɗe ƙofar baya sai suka tsaya suna kallo. Ba su zaci akwai gona a tsakiyar gari ba, kunya bayan kunya, ga hasumiyoyin majami'a can sama da rufin gidaje.

Kilian ya ɗaura allunan ya shiga kunyar albasa. Gwiwar ta soke shi, bai nuna ba, sai da ya kai ƙarshen kunyar ya juyo. Suka tafa masa. Annegret ce ta fara karɓar allunan, taku uku ta zauna daɓas a cikin ganye.

"Tashi, 'yata. Ni ma haka na fara."

Kafin ƙarfe shida an kwantar da kunya tara. Kilian na zaune a kan akwati, ya miƙe ƙafa, yana yi wa wani likita mai farin wando tsawa: "A hankali, malam! Ba tsere ake ba."