Rabin Bajimin Sama'ilu

Wasan katin daga Kazaure ya shigo Babura, wani mai buga takardu ne ya ƙirƙiro shi, kuma ba caca ba ce. A leda ake sayen katunan a liƙe, ba ka sanin abin da ke ciki sai ka yage, kowane kati da dabbarsa. Akwai guda biyu masu wuyar samu: gaban bajimi da bayansa. Kowanne shi kaɗai ko akuya ba ya kayarwa, amma in aka jera su sai su zama kati ɗaya, bajimin da babu mai tare shi.

Sama'ilu ɗan acaɓa shi ke da gaban. Wata huɗu yana yawo da shi a aljihu, yana ta yage ledoji ko Allah zai haɗa shi da bayan.

Wata ranar kasuwa Hamma dillalin awaki ya zauna a inuwar 'yan acaɓa, ya sayi leda ɗaya don sha'awa. Ya yage, ya juya katin, ya ce, "Wannan kuma fa? Sa ba kai?"

Wuri ya kaure da ihu. Sama'ilu kam sai ya ƙura wa katin ido: bayan bajimin ne. Mutumin da ko dokar wasan bai sani ba!

"Malam Hamma, sayar min."

"A'a, ba na sayarwa ba ne. An ce kai ke da kan. Mu haɗa mana, mu riƙa wasa tare."

"Ni ba na tarayya," in ji Sama'ilu, ya buga babur ya tafi ba fasinja.

Ya ɗauka Hamma zai gaji ya kawo. Sai ga shi kullum da la'asar yana kan benci, Musaddiƙ, aminin Sama'ilu tun firamare, yana koya masa wasan, suna ta dariya. Dariyar nan ta fi katin ci masa rai.

Bayan sati uku Musaddiƙ ya kai fasinja Roni, ya dawo da wani gaban bajimin da ya samo ta musaya. Bai ɓoye ba. Ya ce, "Sama'ilu, har yanzu in ka yarda, naka za a sa."

"Ku sa naku."

Ranar aka zauna biyu da biyu, Sama'ilu a ɗaya ɓangaren. A zagaye na huɗu Hamma ya ajiye bayan, Musaddiƙ ya turo gaban. Layin tozo ya haɗu cif. Masu shayi da masu faci suka taso kallo, har da masu ɗaukar hoto a waya. Zakin Sama'ilu da kurarsa duk suka faɗi.

Ya sunkuya ya daɗe yana duban bajimin. Ya yi kyau, ya fi yadda yake zato.

"Jelar ta karkace," ya ce.

Babu wanda ya ji shi. Wata tsohuwa da buhun gero tana ta kiran mai babur, sai ya tashi ya je ya ɗauke ta.