Kwalliyar Ranar Talata

"Buɗe idon, Yaya, saura ɗaya," in ji Azumi, tana rangaɗa wa Batulu kwalli. "Ga mai farar rigar can ta wuce masallaci."

Ta ɗago tsohuwar daga shimfiɗa, ta jingina ta da bango, ta ɗaura mata kallabi, ta ajiye mata mazari da auduga a cinya. Batulu ta cije leɓe sa'ad da ƙugunta ya taɓa tabarma. Azumi ta ƙara garwashi a kasko, ta barbaɗa turare har ɗakin ya turnuƙe.

Shekara arba'in danga ɗaya ce ta raba gidajensu, a wani ƙauye kusa da Farin Dutse cikin ƙasar Gwaram. Batulu ba ta da ɗa a raye. Mijinta, Malam Sada, asibitin birni aka kai shi, can ya cika, can aka binne shi tun labari bai iso gida ba, har yau ba ta san inda kabarinsa yake ba. Shi ya sa da ɓarin jikinta ya shanye bayan kaka, ta riƙe hannun Azumi da hannunta mai lafiya ta ce, "Ki yi mini alkawari a ɗakin nan zan mutu." Azumi ta yi alkawarin, ita kuwa mace ce da idan ta kafe ko jaki sai ya sara mata.

A shekarar ne, lokacin da kuɗin man fetur ya fara kai wa ƙauyuka labarinsa, wani jami'i ya zo daga Birnin Kudu, dagaci ya tara jama'a a gindin tsamiya. Ya ce gwamnati za ta ɗebi mata daga kowane gari ta koya musu jinya, ta ɗora su a albashi. Mata su sami sana'a, kuɗi ya shigo gari, marasa lafiya su warke su koma gona. Wai wannan shi ne raya ƙasa. Azumi ta ji labarin a bakin rijiya ta taɓe baki. Gwamnatin da ba ta taɓa taka garin nan ba sai don haraji da jangali, yau ita ce mai tausayin tsofaffi? Ai banza ba ta kai zomo kasuwa. Ita ta gano bakin zaren: sun gina asibitoci sun cika su da gadaje, dole a nemo masu kwanciya. Ba jinya za a koya wa matan nan ba, leƙen ɗakuna za a koya musu.

Wadda aka ɗauka a garinsu ita ce Zahara'u, 'yar Ɗanbala maƙeri, bazawara mai 'ya'ya biyu. Ta yi wata shida a Birnin Kudu, ta dawo da farar riga da ɗan akwatin ƙarfe, kowace Talata tana zagaya gidajen marasa lafiya.

"Salamu alaikum. Inna Azumi, ina kwana? Iya, ya jiki?" in ji Zahara'u daga bakin ƙofa.

"Jiki alhamdu lillahi," Azumi ta amsa mata tun Batulu ba ta motsa baki ba. "Ba ki ga har kaɗi take yi ba?"

Zahara'u ta durƙusa. Ta dubi mazarin, wanda babu ko zare ɗaya a jikinsa, ta dubi kaskon turare. "Inna, da za ki bari in duba bayanta."

"Ki duba me? Ni na yanke miki cibiya, Zahara'u. Don an sa miki farar riga sai ki kware wa uwar wasu zane?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta ba da haƙuri, ta ɗauki akwatinta ta fita. Azumi ta bi ta har zaure don ta tabbatar ta tafi, ta dawo tana jin kanta kamar wadda ta kori kura daga garke.

Haka aka yi Talata biyar. Akwai gyambo a ƙugun Batulu, ya fara kamar kwabo, yanzu ya kusa tafin hannu. Azumi tana wanke shi da ruwan bagaruwa tana shafa man shanu, tana ce wa kanta sauƙi na nan tafe. Ran Talata kuwa sai kwalli da kallabi da turare, a zaunar da Batulu a jikin bango. In Zahara'u ta daɗe tana gaisuwa, zaman ya daɗe.

A Talata ta shida Zahara'u ba ta durƙusa ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Inna, ki yafe mini, amma turare ba ya ɓoye wannan warin. Tun daga zaure nake jin sa. Jibi Sista, shugabarmu ta jinya, za ta zo daga Birnin Kudu, kuma zan kawo ta ɗakin nan."

"Na faɗa!" Azumi ta tafa hannu. "Wallahi na faɗa! Nawa ake ba ki a kan kowace tsohuwa? Ci amanar garinku, ki ci albashinki!"

"Albashin da nake ci da shi nake ciyar da 'ya'yana, Inna, ban ji kunyarsa ba. Abin da zan ji kunya shi ne in karɓa alhali Iya na ruɓewa a gabana."

Ran Alhamis da hantsi motar asibiti ta tsaya a ƙofar gida. Azumi ta tare ƙofar ɗaki da taɓarya a hannu, ko da yake ta san taɓarya ba ta hana hukuma abin da ta yi niyya. Sista, wata dattijuwa mai tabarau, ta dubi taɓaryar ta dubi mai riƙe da ita.

"Baiwar Allah, sakwara za a daka mana?"

"Ba za ku ɗauke ta ba."

"To bari mu ji daga bakin mai jikin."

Daga cikin ɗaki muryar Batulu ta fito, siririya. "Azumi, bar su su shigo. Na gaji."

Suka kwantar da ita a gefe ɗaya, Zahara'u ta yaye zanen. Sista ta daɗe tana duba ciwon. Can ta sunkuya ta ce, "Iya, kina so mu tafi da ke?"

"A nan nake so in cika."

"To a nan za ki zauna. Ba a ɗaukar mutum dole." Ta miƙe, ta ja Azumi gefe, ta rage murya. "Ciwon ya riga ya shiga jini, ko mun tafi da ita ba lalle ba ne. Da an nuna mana wata guda da ya wuce, da ba ta sha wannan azabar ba. Kuma wa yake zaunar da ita a kansa? Irin wannan gyambon nauyin jiki ne abincinsa."

Azumi ta jingina taɓaryar da bango. Mota ta tashi ta tafi babu kowa a bayanta. Duk da haka sai da Azumi ta tsaya a zaure har ƙararta ta ɓace, don har ga Allah ta ɗauka dabara ce, za su juyo.

Daga ranar Zahara'u kullum take zuwa. Ta nuna wa Azumi yadda ake wanke ciwon da ruwan gishiri, da yadda ake sa matashi tsakanin gwiwoyi, da yadda ake juya majinyaci kada ya daɗe a ɓari ɗaya: da asuba, da hantsi, da azahar, da la'asar, da tsakaninsu. Azumi tana koyo tana hararar akwatin ƙarfen, kowace ƙwayar magani sai ta shinshina kafin ta bayar. Amma Batulu ta fara samun barci, abin da ta yi makonni ba ta yi ba.

Wata safiya, bayan ta juya ta, Azumi ta zauna a bakin shimfiɗa. Maganar da ta kwana huɗu tana cin ta ta fito.

"Yaya, duk Talatar nan da nake jingina ki da bango, yana miki ciwo?"

"Kamar an zaunar da ni a kan garwashi."

"Haba Yaya! Me ya hana ki faɗa mini?"

Batulu ta yi ɗan murmushi da rabin bakinta mai motsi. "Na ga irin wahalar da kike sha don ki cika mini alkawari. Sai na ji kunyar in ɓata miki."

Azumi ta rufe fuska da gefen zane ta yi kuka mai sauti, irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar uwarta. Batulu ce ma take ba ta haƙuri.

Batulu ta cika ranar Litinin da hantsi, a ɗakinta, fuskarta na kallon gabas, Azumi na maimaita mata kalmar shahada. Azumi ta yi mata wanka, Zahara'u na zuba ruwa. Kafin azahar maza suka kai ta makwancinta a bayan gari, inda duk mai zuwa gona zai wuce ya yi mata addu'a.

Mata suka cika tsakar gida ana karɓar gaisuwa. Da ladan ya kira la'asar, Azumi ta miƙe zumbur daga cikinsu, ta nufi ɗakin da sauri tana naɗe hannun riga, don lokacin juya Batulu ya yi. Sai da ta ɗaga asabari sannan ta tsaya. An riga an naɗe tabarmar an jingina ta a lungu, hasken yamma ya faɗo a kan daɓen da aka share.