Inna Kaltume da Awakin Haya

Kun dai ji ai, ko? Gangaren nan ya buɗe! Wallahi ya buɗe tun daga sama har bakin rafi, kuma awaki ne suka buɗe shi. Awaki fa, a nan Amurka! Ku tsaya ku ji yadda aka yi tun daga farko, don wasu na ta ba da labarin a karkace.

Gidan su Sadiyya nake nufi, matar Yacouba direba, can gefen Upper Marlboro inda gidaje ke ƙarewa daji ya fara. Bayan gidan nasu ƙasa zubewa ta yi kawai, in ka leƙa sai kanka ya juya. Ana jin ƙarar ruwa a ƙasa, amma ba wanda ya taɓa ganinsa. Wata ciyawa mai yaɗo, kudzu suke ce mata, baƙuwa ce aka kawo daga wata ƙasa, ita ta lulluɓe komai. Ta hau itatuwa kamar an yafa musu koren bargo, ta tsallako shinge, har ta fara laluben tagar ɗakin jaririya. Kuma ba dama ka taɓa wurin yadda ka ga dama. Daji ne mai kariya. Ba a sare itacen da yake ɗan asalin wurin, ba a sa wuta, ba a shiga da inji don ƙasar za ta zaftare. Baƙuwar ciyawar kawai aka yarda a kashe, ita kuwa ta cakuɗe da waɗanda aka hana taɓawa.

Amma ita Sadiyya ba ciyawa ce ta dame ta ba. Mahaifiyarta, Inna Kaltume, ta zo daga Maraɗi don wankan jego, ana yin arba'in ta ce gida za ta. Ga Sadiyya na shirin komawa aiki a asibiti a Largo, ba ta da wanda za ta bar wa 'yar jaririyarta Jidda.

"Inna, izinin zamanki fa bai ƙare ba. Har cikin sanyi kina da dama."

"Zaman mi? In tashi in dubi bango, in zamna in dubi tele da ba ni jin abin da take hwaɗi? Ko ciyawar bayan gida an ce in na sare a kama ni. Ni hannuna bai saba wuni ba ƙasa a jikinai ba. Ku sai mini tikiti in tahi."

Yacouba dai suruki ne, ba ya iya musu da ita. Ya sunkuyar da kai ya ce to, ƙarshen wata.

Ana nan sai wata safiya ga wata doguwar mota ta tsaya a bakin layi, aka buɗe bayanta, awaki suka dinga dirowa. Ja, baƙa, mai roɗi-roɗi, mai gemu. Inna na hango su ta taga ta yi waje ko takalmi ba ta tsaya nema ba, Sadiyya ta bi ta da goyo. Kafin ta iso, Inna ta riga ta kama wata jar akuya tana matsa gadon bayanta.

"Ashe kasuwa har gida take zuwa a nan? Tambaye shi, wagga ta sayarwa ce?"

Mai awakin, wani dogon Bature mai suna Raymond, da aka fassara masa ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ba na sayarwa ba ne, ma'aikata ne. Olive ce ta ɗauko hayarsu, wata dattijuwar maƙwabciya da ke kula da dajin a madadin 'yan unguwa. Aikinsu su cinye ciyawar.

Inna ta riƙe baki. "A garinmu akuya ta shiga gonar wani sai an je gaban mai gari. Nan kuma roƙonta ake ta ci? Allah mai iko!"

Olive ta bi ƙananan itatuwan da ta iya kaiwa ta zagaye su da waya, ta ɗaura musu jan ƙyalle. Raymond ya ja shinge mai lantarki, ya ajiye ruwa, ya tafi. Da farko kam awaki suka faɗa wa ganye kamar fari. Sama-saman gangaren ya fara haske. Daga nan sai aiki ya tsaya cak. Kullum ka leƙa, suna kwance a bakin shinge ta wajen gidan su Sadiyya, suna tuƙa kamar masu jiran a kira su biki.

Sadiyya kuma ta lura garin masararta na ƙarewa da wuri, kanwar da aka zo da ita daga gida ma ta yi ƙasa. Ran nan bayan asuba ta fito bayan gida, sai ga Inna a bakin shinge da babbar roba, awaki na ta ture juna.

"Inna! Me kike yi haka?"

"Mi nike yi? Dabba na yi maka aiki ka bar ta da ganye tsura, ba dusa ba kanwa? Alhakinsu sai ya kama unguwar ga duka."

Ba ta rufe baki ba sai ga Raymond. Ashe kwana da kwanaki hankalinsa a tashe, ya zaci ciwo ne ya shiga garken. Ya dubi roba, ya dubi cikin awaki ya yi tim, ya dafe kai. Ya ce akuyar da ta ƙoshi ba ta aiki, ga shi ƙarshen mako ana jiran su a wani wuri, ƙasan gangaren kuwa ko ganye ɗaya ba su taɓa ba.

Sadiyya ta fassara a hankali, tana rage zafin maganar, amma Inna ta gane. Fuskarta ta canza.

"Na ɓata wa mutane aiki a ƙasar da ba tawa ba. Ki ce ma mijinki ko gobe akwai jirgi ina so."

Sadiyya ta bi ta da kallo. Shi ke nan, ta ce a ranta, yau kam ba mai tsayar da ita.

Inna ta ɗauki robarta ta juya, tana bin gefen shinge za ta shiga gida. Sai garken nan kaf ya miƙe. Ta yi gaba, suka yi gaba. Ta tsaya, suka tsaya suna kallon ta. Raymond na ganin haka ya ce wa Sadiyya, shi fa sai ya ja su da igiya suke yarda su sauka ƙasan can. Ko Mama za ta gwada?

"A'a, wurin nan zai kayar da ita," in ji Sadiyya, ta ma ƙi fassarawa.

"Mi ya ce? Ke, hwaɗa mini mi ya ce!"

Da ta ji, sai kawai ta gyara ɗaurin zani. Olive ta kawo mata dogayen takalman roba da safar hannu saboda wani ganye mai sa ƙaiƙayi. Raymond ya kashe lantarki, ya ɗaura igiya a jikin itace. Inna ta kama igiya da hannu ɗaya, ta fara sauka a karkace, tana buga robar a cinyarta, tana yi musu irin kiran da take yi wa nata a gida. Ku zo ku ga ikon Allah! Awaki suka zubo bayanta kamar ruwa. Koren nan ya haɗiye su gaba ɗaya, ba ka ganin komai sai ganye na motsi da muryar Inna na tashi daga ƙasa. Sadiyya na tsaye a sama, ta riƙe goyonta da hannu biyu, bakinta sai salati.

Daga ranar kullum da safe Inna ke kai su aiki. Raymond ya yarda da 'yar kanwa kaɗan, amma da yamma, kuma a can ƙasa. Shi da kansa ya ƙara musu kwanaki.

Ranar da Sadiyya ta bi igiya ta sauka, sai ta tsaya tana ta kalle-kalle. Itatuwa ne manya-manya, waɗanda mutum biyu ba za su rungume ba, sun miƙe sama kamar ba za su tsaya ba. Ashe duk zaman nan suna nan tsaye a ƙarƙashin bargo! Ga rafin, garau, yana gudu a kan fararen duwatsu. Rana na ratsowa ta tsakanin rassa tana sauka a kan ruwa. A bakin rafin kuma ga wasu 'yan gajerun itatuwa masu dogon ganye, awaki sun cinye komai a kewaye, su ko lasa ba su yi ba. 'Ya'yansu sun zubo a ƙasa.

Olive ta ɗauki ɗaya ta ɓare, ta ce wannan ɗan asalin wurin ne, tun kafin a gina gari yake nan. Inna ta karɓa ta shinshina. Ta ɗanɗana. Sai ga hawaye.

"Ɗiyar nan, wagga ƙanwar gwandar dajinmu ce. Rabona da ƙamshin ga tun ina bin Baba gona." Ta share ido da gefen mayafi. "Mu ma ai in muna sassabe ba mu sare komi, mukan bar gawo ya tashi. Ashe dokar tasu ba hauka ba ce."

Da za a kwashe awaki, Olive ta ce kada a yi murna da wuri. Akuya ganye kawai take ci. Saiwar na nan a ƙasa kamar ƙaton rogo, in ba a haƙa an yanke kanta da hannu ba, za ta dawo.

"To wa za ya haƙe?" in ji Inna.

"Mu, in mun samu hannu."

Da yamma Yacouba ya tsaya daga bakin ƙofar falo ya ce an samu jirgi. Inna ba ta dube shi ba, ta dubi Sadiyya, tana jijjiga Jidda a cinya.

"Ce ma mijinki ya ɗaga tikitin nan. Ni ban taɓa barin gona rabi ba. Ya nemo mini hauya ta ƙwarai, ba irin ta wasan yara da na gani a kantinsu ba. Ni da ƙawata Olive muna nan."

Sadiyya ta shige kicin da gudu, ita kanta ba ta san dariya take ko kuka ba.

To yanzu Inna ta kira gayyar haƙar saiwar nan, ranar Asabar da safe, a bayan gidan. Za a yi fura. Ku zo da safar hannu da takalmi mai rufi, kuma duk itacen da kuka ga jan ƙyalle a jikinsa, kada wanda ya taɓa. Don Allah duk wadda ta karanta ta tura wa 'yar'uwarta, har mutanen Largo da na Woodbridge su ji, su zo su ga rafin nan da idonsu.