Cigiyar Mahdi

Ɗana Mahdi ya fita tun da safe ba takalmi, maganinsa yana kan taga bai sha ba. Shekararsa ashirin da shida, amma tun da ciwon ƙwaƙwalwa ya same shi, in ya yi nisa ba ya iya faɗin sunan unguwarmu. Hotonsa ɗaya muke da shi, na sakandare, lokacin yana da kumatu.

Matata Hasiya ta kira yayanta, Malam Ashraf, wai shi ne mai ilimi, ya rubuta mana cigiyar da za a kai rediyo. Ya iso ƙarfe goma, ya zauna, ya goge tabarau a tsanake.

Na ce, "Dogo ne, siriri. Rubuta mu tafi."

"Datti, dogo kawai ai ba siffa ba ce. Larabawa hawa-hawa suka jera abin. Akwai ɗawil, sai ɗuwal, in ya zarce shauzab. In tsawon ya yi muni, ashannaɗ."

"Wanne daga ciki direbobin tashar Laranto suka sani?"

"Jahilcinsu ba laifina ba ne." Ya juya wajen ƙanwarsa. "Ramarsa ta halitta ce ko ta ciwo? In halitta ce nahif ne, in ciwo ne hazil."

Hasiya ta fashe da kuka. Shi kuwa ya soke layi ya fara wani. Mutumin da ko sau ɗaya bai leƙa yaron a asibiti ba! Har sha ɗaya da rabi yana latsa waya, yana neman abin da Larabawa ke kiran mai faɗin kafaɗa marar tsoka.

Na tashi na fita.

A tasha na tarar da Rwang, ɗan kamasho. "Oga Rwang, yarona nake nema. Ya fi ni tsawo, duk ƙashi ne, kafaɗar hagu a karkace, ba takalmi."

"Kai, Baba! Naka ne? Tun safe yana zaune nan, har ƙosai na saya masa. Yanzun nan ya shige motar Bukuru."

Rwang ya kira direban, sau uku ba a ɗauka ba. A na huɗu aka ɗauka, ya daka tsawa: "Badung, dogon nan na baya, kar ka sauke shi ko'ina! Babansa na zuwa."

Sai da na shiga mota ta gaba na kira Hasiya.

"An gan shi, zan ɗauko shi. Ki gaya wa yayanki kada in dawo in same shi a gidana."