Rigunan Uzairu Biyar

Na tarar da Malam Umara yana kokawar tashi daga tabarma, Amsa matarsa ta danne masa kafaɗa da hannu biyu. Safiyar Asabar ce, tsakiyar damina, hadari sai kaiwa da komowa yake bisa gonakin gero, ya ƙi zubowa, ya ƙi tafiya.

"Inna Aina'u, zo ki yi masa magana," in ji Amsa. "Wai guga zai yi."

To, ku da ba ku san shi ba, Malam Umara maƙwabcina ne, katanga ɗaya. Kakanninsa daga Barno suka zo. Shekara arba'in yana wanki da guga a zaurensa, har daga Bici malaman makaranta ke aiko masa da kaya, kuma ba a taɓa jin rigar wani ta fito daga hannunsa da tabo ko yamutsa ba. Ranar Alhamis jiri ya kayar da shi a bakin rijiya. Likita ya ce zuciya ce, ya ba da magani, ya ce a kwanta.

Kwanciyar ce ta gagara. Kafin ya faɗi ya wanke fararen rigunan shat guda biyar na Uzairu, ɗan ƙanensa da ya riƙa, wanda zai fara koyarwa a Kunci ran Litinin. Shi kuwa a ƙa'idarsa ba a barin rigar auduga ta bushe ƙarau. Da sauran danshi yake kwashe su daga igiya, ya naɗe a tsohon zane, ya ce sai haka suke jin dutsen guga. Yanzu ga su kwana biyu a naɗe. Rana ɗaya aka ƙara, fumfuna za ta ɗiga musu baƙi, kuma wannan tabon sabulu bai san shi ba.

Amsa idonta ya yi yana, Uzairu ya tafi Kano karɓo takardunsa. Na ce a kawo, ni zan goge.

Ya dube ni sheƙeƙe. "Bafillatana da guga? Ke da ba ki san komai ba sai burgar nono."

"Babarbare, kana kwance ma bakinka bai mutu ba."

Mun yi shekaru muna wannan wasan, amma ranar nan dariyarsa tari ta zama. Ya sa aka jawo tabarmarsa bakin ƙofa inda zai gan ni. Na shimfiɗa bargo, na zuba garwashi a dutsen guga, na rufe, na hau fifita. Tun kafin in taɓa riga ya fara: in busa tokar, in goge gindin dutsen a tsumma, in gwada zafin a gefen bargo. Kwala tukuna, ta ciki sannan ta waje. Daga nan kafaɗa. Kada in bi ta kan maɓalli, in zagaye shi da hancin dutsen. Ya juya dama, ya juya hagu, ya tambaya ko Uzairu ya dawo, ya tambaya ko ruwa ya sauko, ya ce an bar gwangwanin bular wanki a buɗe. Yatsunsa sai shafa tabarma suke kamar akwai riga a kai.

A riga ta biyu na yi wa hannu karin guga biyu. Daga inda yake ya hango. Ya sa na yayyafa ruwa na sake.

A ta uku akuya ta shigo ta nufi tukunya, na waiga zan kore ta, dutsen na kan riga. Muryar da ya yi min, ban san ta rage masa ba.

"Ɗaga! Ko gobara ake a gidan, ɗaga dutsen tukuna."

Na ɗaga. Allah ya taimake ni, ko ja bai yi ba.

Daga ta huɗu surutun ya ragu. Amsa ta ɗora kansa a cinyarta tana tofa masa addu'a. Ya tambaya saura nawa, na ce ɗaya. Ya ce to. Na ƙara garwashi, gumi na zuba, bayana kamar zai ɓalle. Na gama kwala, na gama gaba da baya, na gama hannun dama. Na ɗora dutse a hannun hagu ke nan na ji Amsa tana laƙƙana masa kalmar shahada, shi ma leɓensa na bi. Sai ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, a hankali, kamar kada ta tashe shi.

Ƙafata ta riga ta zabura. Amma hannuna ya ɗaga dutsen, ya aje shi a kan bulon da Malam Umara yake ajewa, sannan na je.

Muka rufe masa ido, muka lulluɓe shi. Na leƙa ta katanga na gaya wa Badaru mijin 'yata, ya tafi kiran liman da masu haƙa kabari, ya buga wa Uzairu waya. Kafin mata su fara shigowa gidan ya yi tsit. Amsa ta lalubo rigar, ta shafa hannun daman, ta shafa na hagun.

"Inna, garwashin ya mutu?"

"Da saura."

"Ƙarasa masa."

Na durƙusa na busa toka, na gwada a gefen bargo. Kari ɗaya na yi, miƙaƙƙe.

Bayan azahar aka kai shi. Uzairu ya iso ana ɗaukar makara, ya jefar da takardunsa ya sa kafaɗa. Suna dawowa ruwan da ya yini yana yawo ya sauko, maza suka tattara tabarmi suka cushe a zaure. Can ƙurya, sama da kawunansu, riguna biyar na rataye a igiya, iskar ƙofa na ɗan motsa hannayensu. Dutsen na kan bulonsa. Na taɓa shi da bayan hannu, ya huce.