Sunansa na Yanka

"Shekara uku muna gidan nan tare, ni ban taɓa ga haƙorin Oga Manniru ba," in ji Madam Clara, tana tsiyayar da ruwan shinkafa a bakin kwata. "Amma rediyona in ya lalace, kafin na gama magana ya gyara. Mutum mai kyau ne. Fuskan ne kawai."

"Ni abin da ke ɗaure min kai," in ji Rakiya, "mai gyaran talabijin, amma ba ya kallo. Sai ya juya ta bango, ya kashe murya, ya ɗora ɗan madubi yana leƙen kala. Da ta yi daidai sai ya zare waya."

"Wai tun yana jariri ya faɗi a wuta. Har ido ɗaya wutan ya ci."

"Allah sarki. Ga shi yanzu asibiti sun ce a dawo da shi gida. Kin san ma'anar wannan."

Sale, mijin Rakiya, yana zaune a benci yana ɗaura igiyar takalmi, ya ɗaura ya kwance ya sake ɗaurawa. Tun da safe aka sauke Manniru daga tasi, ƙafafu sun kumbura kamar turmi, ƙoda ta ƙi aiki. Sale ne ya kama shi ta hagu har kan katifa, ɓangaren da fatar ta tattare tun daga kumatu zuwa wuya, kunnen ya naɗe, idon ya shafe. Duk gidan hayar nan na Mararaba, ɗaki goma sha biyu, shi kaɗai ya san ba wuta ce ta ci idon ba. Shi kaɗai kuma ya san Manniru ba sunansa ba ne.

A Sheda suka tashi tare, lokacin da ake fasa dajin Abuja, kuɗin mai na yawo, manyan motoci na tayar da jar ƙasa. Iyayensu Zazzagawa ne masu sayar wa leburori abinci. Wata Lahadi da rana wani direban kamfanin hanya ya bar yara suka shiga kantin ma'aikata, aka toshe tagogi da buhunan siminti, aka kunna majigi. Fim ne marar kala. Wani abu ya faɗo daga sama cikin dam, wani Bature ya nutsa don ya gani, ya fito rabin fuskarsa ta narke, duk wanda ya taɓa shi ma sai ya narke. Cikin yaran babu mai jin Turanci. Amma duk lokacin da mutumin ya ɓullo, Turawa sai su watse suna ihu da kalma guda, kuma kowane yaro ya ji ta rangaɗaɗau: Mansur! Mansur!

A ƙarshen benci akwai yaro mai ƙunar wuta a rabin fuska, sunansa Mansur.

Sale ne ya fara juyawa ya nuna shi. Yana ɗan shekara tara, tsoro ya cika masa ciki, ya ga har Turawa sun san sunan. Da aka buɗe ƙofa suka bi yaron da ihu har bakin rafi. Duwatsu da yawa aka jefa, guda ɗaya ne ya samu. Da manya suka tsare su da tambaya kowa ya yi shiru, shi kuma Mansur, da tsumma a ido, ya ce bai ga wanda ya jefa ba. Bayan wata biyu uwarsa ta kwashe kayanta suka koma Suleja.

Shekara ashirin da huɗu bayan haka, da rusau ya koro Sale daga cikin gari, ya kama ɗaki a Mararaba, sai ya tarar da fuskar nan a ɗakin da ke jikin nasa. Mutumin ya miƙo hannu ya ce, "Manniru." Sale ya karɓa ya ce, "Sale." Daga nan sai gaisuwa, sai aron tsani, sai tafiya masallaci kafaɗa da kafaɗa. Sale ya gaya wa kansa mutumin bai gane shi ba, ya riƙe wannan kamar laya.

Ranar Asabar ɗin da aka dawo da Manniru, Sale bai buɗe shagonsa na ƙusa da kwanon rufi ba. Bayan azahar aka kawo wuta, gidan ya ɗauki sowa. Khairat, 'yarsa mai aji huɗu a sakandare, ta shigo da faifan da ta aro a wurin Vivian 'yar Madam Clara.

"Baba, wannan na tsoro ne. Wai tsohon fim ne suka sake yi. Kada ka gudu fa."

"Ni zan gudu? Sa mu gani."

Da kala ne wannan, ruwan dam ɗin shuɗi, ga jirage, ga kwamfutoci. Amma tun da abin ya faɗo daga sama Sale ya gane fim ɗin. Mutumin ya nutsa. Ya fito. An ƙawata narkewar, har ƙashi ana gani, sai dai ba ta kai ta da ban tsoro ba, ta da ɗin da inuwa ke rufe rabi. Wata mace ta ƙwalla ihu, kuma a ƙasan allo rubutu ya fito.

Sale sai da ya haura talatin ya koyi boko, a ajin manya na bayan la'asar, har yau da yatsa yake bin haruffa.

"Khairat, tsayar. Mayar baya kaɗan."

Ya matsa ya ɗora yatsa a gilashin. Mi. O. Ni. Babu a, babu u.

"Me ta ce?"

"Monsta, Baba. Dodo ke nan."

"Ba Mansur ba?"

Ta tuntsire da dariya har ta riƙe ciki. "Wane Mansur kuma? Ina Turawa suka san wani Mansur? Mama, zo ki ji Turancin Baba!"

Ta saki faifan, matar ta sake ihun. A lokacin ne aka ƙwanƙwasa bango daga ɗayan ɓangaren, sau biyu, a hankali. Bulo ɗaya ne tsakaninsu, ko tari aka yi ana ji.

Sale ya ce a kashe. Ya fita ya yi sallama a ƙofar maƙwabcinsa.

Ɗakin na warin dalma da magani. Talabijin bakwai na mutane jere a ƙasa, kowace ta ba da baya. Manniru na jingine da filo, numfashi na fita da ƙyar.

"Mun dame ka da ƙara. Ka yi haƙuri, yara ne."

"Sun sake yin fim ɗin ko?" Muryar ta dushe. "Na gane kiɗan. Ba su canza kiɗan ba."

Sale ya tsuguna a bakin katifa.

"To ya suka yi shi wannan karon? Ya fi kama da ni, ko na da ɗin?"

"Haba, Malam Manniru."

"Ai tambaya ce." Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa. "Na ji yarinyar ta fassara maka. Ni tun ina koyon aiki na sani. Ogana Inyamuri ne, ya kawo kaset ɗin gwaji, na ji, na tambaye shi. Ya ce dodo. Na fita bayan shago na yi ta dariya har na yi amai. Amma lokacin an riga an saba da Manniru. Innata ce ta canza, don ko a Suleja in aka kira wancan sunan sai fitsari ya kubce mini."

Fanka na juyawa a sama tana ƙara. Sale ya ji maganar ta taso masa har maƙogwaro, kalma uku ce ko huɗu, ya buɗe baki.

"Ka sha maganin rana kuwa?"

Manniru ya dube shi da idon nan guda.

"Na sha, Sale na Inna mai waina." Ya lumshe idon. "Kai dai tun kana yaro kana da saiti."

Rabon da wani ya kira shi da sunan nan tun Sheda. Sale ya miƙe, gwiwarsa ta bugi wata talabijin, ya ce bari ya ɗebo ruwa. Ya fita da kofi, ya tsaya a bakin randa, ruwan ya cika ya zube a ƙafarsa. Da ya dawo Manniru ya yi barci, ko ya yi kamar ya yi. Ya ajiye kofin ya ce a ransa gobe.

Lahadi 'yan dubiya suka cika ɗakin, masu addu'a da masu zuwa karɓar talabijin ɗinsu tun kafin a rufe ƙofa. Sale ya shiga sau uku, kowane karo da mutane. Ya ce gobe da safe, kafin ya fita shago. Litinin motar kwano ta iso daga kasuwar Dei-Dei tun da sassafe, direba na ta kiran waya, ya ce bari ya sauke kaya ya dawo. Ana tsakar saukewa da hantsi Rakiya ta kira. Madam Clara ce ta kai wa Manniru kunu ta tarar ya cika, fuskarsa na kallon bango kamar kayan gyaransa.

Ba shi da kowa a kusa. Sale da ladan suka yi masa wanka. Da ya zo kan idon da ya shafe, Sale ya ji ɗan kwarmin a ƙarƙashin yatsarsa, daidai girman tsakuwar rafi.

A ƙofar masallaci, kafin a tayar da salla, liman ya juyo. "Jama'a, ga ɗan'uwanmu Manniru ya riga mu. Duk wanda ya taɓa ɓata wa, ya yafe masa."

"Mun yafe," in ji sahu gaba ɗaya. Sale ya ji bakinsa ya faɗa tare da su, ya sunkuyar da kai.

Shi ya shiga kabarin ya karɓe shi, ya kwantar da shi ta dama. Aka jera itace, aka yaɓa ƙasa, aka yi addu'a, mutane suka fara kaɗe hannu suna nufar mota. Maigadin maƙabarta ya zo da gwangwanin fenti da guntun kwano a kan sanda.

"Oga, wane suna zan sa? Manniru wa?"

"Kawo nan."

Sale ya durƙusa ya ɗora kwanon a cinya. Ya daɗe yana yi, harshe a tsakanin haƙora, harafi ɗaya bayan ɗaya, harafin si ya juya baya sai da ya goge da bakin riga ya sake. Liman ya dawo ya tsaya a kansa yana karantawa.

"Malam Sale, ka yi kuskure. Waye Mansur?"

Sale ya kafa sandar a wajen kai, ya danna ƙasa da tafin hannu. Fentin bai bushe ba, wutsiyar harafin ƙarshe na gangarowa a hankali. Bai dubi liman ba. Ya matso da bakinsa kusa da jiƙaƙƙiyar ƙasar, muryarsa ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya nufa, har waɗanda suka kai bakin mota suka waiwayo.

"Mansur, ni ne. Ni na fara nuna ka, ni na yi jifan. Ka yafe mini."